Nauyin da aka ɗora wa kalmar "ƙwaya"

A 1976 Peter Nowell ya bayyana cewa ƙarin sankara yakan faro daga ƙwaya guda, zuriyarta ta yi ta sauyawa, mai ƙarfi ta danne saura. A 2016 lissafin Marc Williams da abokansa ya nuna cewa a kusan sulusin ƙarin da suka auna, ba wadda ta rinjayi wata. To, wace ƙwaya ake nufi? Masu fassara sun ɗora wa kalmar kaya huɗu: ta jiki, ta gado, ta cuta, ta magani. Ɗalibin yaƙi da jahilci a Bosso, wanda Barbarci ne harshen gidansu, in ya karanta "ƙwayoyin sankara" sai ya zaci ana ɗaukarta, ya guji majinyaci. Gara a aro "selil" daga Faransanci don ta jiki.