Maɓallan farautar kuskure: ribarsu ba a sauri take ba

Masu rubuta manhaja sukan kare al'adar haddace gajerun hanyoyin kibod da hujjar sauri, alhali ita ce hujjarsu mafi rauni. Tun a 1989 Bruce Tognazzini na kamfanin Apple ya rubuta cewa a gwaje-gwajensu mutane kan ce kibod ya fi sauri, agogo kuwa sai ya nuna linzami ne a gaba. An sha ja-in-ja a kan maganar tasa, amma ko da an ba shi gaskiya, al'adar ba ta rushe ba, domin ribarta tana wani wuri dabam.

Mai neman kuskure a cikin shiri yana riƙe da abubuwa da yawa a ka lokaci guda: ƙimar da yake sa ran gani, wane sashe ne ya kira wane, da kuma layin da yake zargi. Kaya ne irin na mai tallan ƙwai, waiwaye kaɗan ya isa ya jawo asara. A Visual Studio da VS Code, F9 kan dasa wurin tsayawa, F5 ya tayar da shirin, F10 ya matsa layi ɗaya, F11 ya kutsa cikin aikin da aka kira, Shift+F11 ya fito da mutum. Yatsa ne ke wannan zirga-zirgar, ido kuwa bai bar kan ƙimomin da ke sauyawa ba. Mai linzami dole ya ɗauke ido ya nemo ɗan ƙaramin hoto a sama, ya dawo ya laluba inda ya tsaya, kuma zai maimaita haka a kusan kowane taki. Haka abin yake wajen yawo a cikin kod. F12 kan kai mutum inda aka ayyana suna, amma a ganina maɓallin komawa baya ya fi shi daraja, domin wanda ya bi sawu fayil bayan fayil bai san hanyar dawowa ba, zaren tunaninsa ya tsinke.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne rashin daidaito. Aikin da F10 ke yi a Visual Studio, F8 ke yinsa a IntelliJ, F6 a Eclipse. F5 kuwa a Eclipse kutsawa ciki yake nufi. Ba wata hikima ce ta raba su ba, gado ne kawai, kamar yadda h, j, k, l na matsar da alamar rubutu a manhajar vi suka samo asali daga kibau da ke jikin waɗannan maɓallan a na'urar ADM-3A da Bill Joy, marubucin vi, ya yi aiki da ita a 1976. Sai dai ayyukan ɗaya ne a ko'ina, kuma manhajojin nan duk sun yarda mutum ya sauya tsarin maɓallai zuwa wanda hannunsa ya saba. Saboda haka haddace dogon jadawali ɓata lokaci ne. A haddace na tsayawa, taki, kutsawa, fita da komawa baya. Sauran a nemo su da suna ta Ctrl+Shift+P a VS Code idan buƙatarsu ta taso.