Murya a Matsayin Sharhi: Nazari a Kan Karatun Labaran Kirista da na Tarihi a Littattafan Saurare

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabi sun saba da feɗe abin da marubuci ya sa a takarda, amma ba kasafai su ke kula da mutumin da ya ɗauki littafin ya karanta shi da murya domin a naɗa a saurara ba. Wannan takarda tana so ta nuna cewa irin wannan makaranci shi ma mai sharhi ne, ko ya so ko ya ƙi. Dalili kuwa shi ne, rubutu yana iya barin magana a buɗe, amma murya ba ta iyawa: dole ta ɗaga ko ta sauka, ta yi sauri ko ta ja. An zaɓi ƙagaggun labaran Kirista da na tarihi ne saboda a cikinsu wannan hukunci na murya ya fi nauyi, tun da suna taɓa abin da mutane su ka yi imani da shi da kuma mutanen da su ka taɓa rayuwa.

2.0 Asalin Sana'ar

Domin makafi a ka fara wannan aiki. A 1931 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar samar wa makafi littattafai, a 1934 kuma a ka fara rarraba littattafan da a ka naɗa a faifai, cikinsu har da Linjila huɗu da Zabura. Ingila ta bi sahu a 1935, musamman saboda sojojin da su ka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Matthew Rubery, a littafin da ya wallafa a 2016 a kan tarihin sana'ar, ya nuna cewa tun farko an yi jayayya a kan aikin makaranci: shin aron ido kawai zai yi wa makaho, ya karanta ba ƙari ba daɗi, ko kuwa zai kwaikwayi mutanen cikin labari kamar ɗan wasa? Alexander Scourby, wanda ya karanta littattafai fiye da 400 domin makafi, ya kuma naɗi Littafi Mai Tsarki dukansa a fassarar Sarki James, shi ne a ke kafa misali da shi wajen kamewa. Wannan jayayya ba ta mutu ba, ita ce za mu bi ta wurare uku.

3.0 Muryar da A ke Girmamawa

Matsala ta farko ita ce muryar Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa. Lew Wallace ya wallafa Ben-Hur a 1880. Da a ka mai da labarin wasan dandali a 1899, ba a bar wani mutum ya fito a matsayin Almasihu ba, sai a ka nuna shi da haske kurum. Haka nan a fim ɗin 1959 ba a nuna fuskarsa ba. Watau dandali da majigi suna da hanyar kawar da kai. Makarancin littafi ba shi da wannan mafita, domin idan ya iso wurin da Almasihu ya yi magana, to, da bakinsa zai furta.

Girman wannan al'amari ya fito fili a wani fage makusanci, watau wasan rediyo. Daga Disamba 1941 zuwa Oktoba 1942 gidan rediyon BBC ya watsa wasanni 12 na Dorothy L. Sayers a kan rayuwar Almasihu, inda Robert Speaight ya yi muryarsa, mutanen cikin wasan kuma su ka yi magana da Ingilishin yau da kullum. Tun kafin a fara watsawa wasu ƙungiyoyin Kirista su ka yi ca, suna cewa saɓo ne. Abin da ya tsorata su shi ne murya takan jawo mai tsarki kusa, har ya yi kama da maƙwabci.

A nan makaranta sukan faɗa ɗayan ramuka biyu. Wani ya kan kumbura murya, ya ja kalmomi kamar mai wa'azi a bagade, sai labarin ya tsaya cik, Almasihu ya zama gunki a tsakiyar mutane masu rai. Wani kuma ya kan ƙirƙira masa murya ta musamman, mai taushi ko mai rawa, sai ya zama ya zana masa fuskar da marubuci ya ƙi zanawa. A ganina hanyar da ta fi ita ce makaranci ya riƙe muryarsa ta mai ba da labari, ya ɗan dakata kafin maganar da bayanta. Wannan ɗan shiru shi ne daidai da hasken nan na dandalin 1899.

4.0 Muryar Shaiɗan

Matsala ta biyu kishiyar ta farko ce. A 1942 C. S. Lewis ya wallafa The Screwtape Letters, wasiƙu 31 da wani babban shaiɗani ya ke aika wa ɗan ɗan'uwansa Wormwood, yana koya masa dabarun ɓatar da wani mutum. Komai a littafin a juye ya ke: abin da mai wasiƙa ya yaba shi ne sharri, Ubangiji kuma shi ya ke kira abokin gaba. Saboda haka makaranci yana ɗauke da murya biyu a lokaci ɗaya, ta shaiɗanin da ke magana da ta Lewis da ke bayansa.

In makaranci ya yi gurnani da dariyar mugunta irin ta dodon tatsuniya, ya kashe littafin, domin ba mai ruɗuwa da shaiɗanin da ya fito da ƙahonsa a fili. Lewis ya siffanta Jahannama ne kamar ofis, mai manya da ƙanana da rahotanni da tsoron maigida. Shi ya sa zaɓen John Cleese, ɗan wasan barkwanci na Ingila, domin karanta littafin a ƙarshen shekarun 1980 ya dace, tun da ya shahara da kwaikwayon babban ma'aikaci mai ji da kai wanda ladabinsa ke rufe da fushi. Sai dai kuma akwai haɗari ko a nan. Dariya garkuwa ce. In mai sauraro ya shagala da ita, zai manta cewa mutumin da a ke farauta a cikin wasiƙun shi ne kansa.

5.0 Muryar Mutanen Tarihi

Matsala ta uku ta shafi adalci ga matattu. Wolf Hall na Hilary Mantel, wanda ya fito a 2009 ya kuma ci kyautar Booker, labarin Thomas Cromwell ne, ɗan maƙeri da ya zama babban wazirin Sarki Henry na Takwas. Mantel ta zauna cikin kan Cromwell, ta riƙa kiransa da wakilin suna kawai, har masu karatu da yawa su ka koka cewa ba su gane wa a ke nufi. A littafi na biyu, na 2012, ta riƙa ƙara sunansa a bayan wakilin sunan. Makaranci kuwa dole ya warware wannan ruɗani a kowace jimla, domin sai ya san mai magana kafin ya buɗe baki. Nan murya ta taimaki littafi.

Amma dubi Thomas More, wanda a ka kashe a 1535, Cocin Katolika kuma ta sa shi cikin waliyyai a 1935. Mantel ta nuna shi mai tsanani da taurin zuciya, sai dai ta idon abokin hamayyarsa mu ke ganinsa, kuma mai karatu na iya tuna haka. Da zarar makaranci ya ba shi murya ta raini ko ta munafunci, ra'ayin Cromwell ya zama hukuncin tarihi a kunnen mai sauraro, More kuwa ba shi da bakin kare kansa. Ben Miles, wanda ya karanta littafi na uku a 2020, ya riga ya fito a matsayin Cromwell a dandali. Fa'idar irin wannan zaɓi ita ce mai sauraro ba ya mance cewa daga bakin mutum ɗaya duk labarin ke fitowa.

6.0 Abin da Ya Shafe Mu

Wannan magana ta shafi Hausa ta fuska biyu. Da farko, rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Gari na iya zama birni ko na tuwo, kuka na iya zama na ido ko itace, “ya tafi” kuma na iya zama labari ko umurni. Makarancin Hausa ke nan yana yanke hukunci a kan ma'ana tun kafin a kai ga kwaikwayo. Na biyu, muna da namu labaran tarihi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar 1933, malami ne ke ba almajiransa labarin rayuwarsa, har da wahalar da mahaifiyarsa ta sha wajen nemansa. Duk wanda ya siranta murya domin ya kwaikwayi uwar, ya manta cewa ta bakin ɗanta dattijo mu ke jin ta, kuma kamewarsa ita ce ke sa labarin bautar nan ya yi zafi.

7.0 Kammalawa

Ma'aunin da wannan takarda ta kawo guda ɗaya ne: kada makaranci ya yanke hukuncin da ya wuce wanda littafi ya yanke. Inda rubutu ya tilasta masa zaɓi, ya zaɓa da ilmi. Inda marubuci ya bar ƙofa a buɗe da gangan, kada ya rufe ta da maƙogwaronsa. Ina kuma ba sassan nazarin harshe da adabi shawara su riƙa sa ɗalibai su saurari karatu biyu na babi ɗaya, su rubuta inda ma'ana ta sāɓa, domin ta haka ne za a fara yi wa murya irin tarken da a ke yi wa alƙalami.