Yadda Yaa Gyasi Ke Ɗinke Zuriya a Littafi

Cika littafi da shekaru da sunayen yaƙe-yaƙe ba wuya ba ne. Amma a haɗa kaka da tattaɓa-kunnen da ba su taɓa ganin juna ba, har mai karatu ya ji lallai jininsu ɗaya, wannan sai gwani. Yaa Gyasi, haifaffiyar Mampong a Ghana wadda ta tashi a Alabama ta Amurka, ta nuna irin wannan gwaninta a littafinta Homegoing na 2016.

Labarin ya faro ne a ƙarni na 18 da mata biyu, uwa ɗaya uba kowa da nasa, ba wadda ta san da zaman 'yar'uwarta. Effia ta auri Baturen Ingila mai riƙe da gidan bayi na Cape Coast, tana kwana a bene. Esi kuwa tana ƙasa cikin kurkukun ginin, ana jiran jirgin da zai kwashe su. Babi 14 ne gaba ɗaya, kowanne da mutum guda: a ɗauko na tsatson Effia, a koma na tsatson Esi, har zuwa zamaninmu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take damƙa wa mai karatu sirrin da mutanen labarin suka rasa. Dubi H, wanda aka ɗaure bisa zalunci aka tura shi haƙar kwal a Alabama. Sunansa ke nan, harafi guda, kuma bai san mafarinsa ba. Mu kuwa mun sani, don a wani babi na baya mun zauna gidan iyayensa a Baltimore. Suna raɗa wa 'ya'yansu suna bi da bi bisa jerin haruffa, bakwai sun samu, na takwas yana ciki aka sace uwar bayan dokar kamo bayin da suka gudu ta 1850. Marubuciyar ba ta tsaya dogon bayani ba, ta bar mu da nauyin.

Haka ta yi da baƙin dutsen da uwar Effia da Esi ta bar wa kowaccensu. Na Effia ya bi wuyan jikoki har zuwa kan Marjorie, na Esi ya salwanta tun a kurkuku.

Wasu na ƙorafin cewa da ka fara sabawa da mutum sai babin ya ƙare. Ni ina bayan marubuciyar a nan. Haka cinikin bayi ya riƙa yanke iyali, kuma Kojo, mahaifin H, bai taɓa ɗora ido kan ɗan nan nasa ba.