Masu Zanen Hotunan Littattafai

Duk wanda ya taɓa zama ajin yaƙi da jahilci a Ƙaraye ko Rogo ya sani, in aka miƙa wa sabon ɗalibi littafi, ba baƙaƙen yake fara dubawa ba, hoto yake nema. In hoton ya yi masa daɗi sai ya daure ya haɗa baƙi da wasali, don ya ji abin da ya sami mutumin nan da aka zana. Ashe kuwa mai zane shi ne ɗan jagoran marubuci, amma ba safai ake tambayar sunansa ba.

Mu fara da Zariya, don can ne tushen abin. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, sa'an nan hukumar NORLA ta bi baya, ta yi ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, kamar Sodangi ta Kano, har aka rufe ta a 1959. Cikin waɗanda suka yi wa Gaskiya zane akwai wata Baturiya 'yar ƙasar Beljiyam, Jacqueline de Naeyer, wadda Dakta East ya aura. Hotunan zamanin nan na alƙalami ne da baƙar tawada, ba launi, ba tarkace. Rawani rawani ne, sirdi sirdi ne. Ni a ganina har yanzu ba a yi waɗanda suka fi su dacewa da mai koyo ba, gama suna nuna abu guda, su bar sauran wa karatu. Aibinsu ɗaya, mutanen ciki sun cika natsuwa, kai ka ce mai hoto ne ya ce kowa ya tsaya cik.

A 1958 waɗansu samari masu koyon zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya, suka ce a riƙa haɗa dabarun Turawa da zanen gargajiya. Uche Okeke ya ɗauko zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, da irin layukansa ya yi wa littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, hotuna, daga baya ya shugabanci sashen zane a Jami'ar Nsukka. Bruce Onobrakpeya kuwa sassaƙa hoto yake yi a kan allo, ya shafa tawada, ya danna a takarda, ya kuma daɗe yana koyarwa a Ikko. Shi ya yi hotunan An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi a 1962, labarin da duk wanda ya karanta Jiki Magayi zai gane shi. Hannunsa yana da ƙarfi ƙwarai, baƙi da fari suna kokawa a shafi. Amma fa sai an saba. Tsoho da ya fara karatu jiya, in ka nuna masa irin wannan, sai ya juya littafin sama da ƙasa yana neman inda kan mutum yake.

Da littattafan soyayya suka yaɗu a Kano wajen 1990, sai ga waɗansu masu zane na dabam, 'yan uwan masu fentin allon shago da bayan manyan motoci. Suka cika bango da launi: budurwa da manyan idanu, saurayi jingine da mota. Masana sun raina su, ni ban raina su ba. Hannu yakan fi ƙafa tsawo, gaskiya ne, amma daga nesa mai saye a kasuwar Rogo ya san ko labarin kishiya ne ko na auren dole. Abin da ya ɓata wannan sana'a shi ne kwamfuta, da aka koma yanko fuskokin 'yan wasan Indiya ana mannawa, har littafi goma su zama fuska ɗaya.

A cikin na yanzu, Mustapha Bulama, wanda ya yi suna da zanen barkwanci a jaridar Daily Trust, ya nuna inda ƙwarewa take. Da hula da tumbi da karkatar baki yakan gama da ɗan siyasa, ko ba ka jin Turanci ka fahimta.

Kwanan baya a Ƙaraye na ga an raba wa manoma wata takarda mai koyar da noman rani a bakin dam ɗin Challawa. Wani dattijo ya ƙura wa hoton ido, ya ce, "Malam, wannan da ya riƙe garma haka, ai ƙafarsa zai sara." Ya ninke takardar, ya ƙunsa goronsa a ciki, bai karanta ko layi ɗaya ba.