Fuska, Baya da Ido: Sharhi a kan *Dalalatul Ha'irina* ta Musa bin Maimun

Wannan ƴar maƙala sharhi ce a kan wani ɓangare na littafin *Dalalatul Ha'irina*, wanda malamin Yahudawa Musa bin Maimun (Maïmonide a bakin Faransawa) ya kammala wajen shekarar 1190. An haifi marubucin a Ƙurɗuba ta Andalus, ya zauna a Fas, ya rasu a Fusɗaɗ ta ƙasar Masar a 1204. Da Larabci ya rubuta littafin, amma da baƙaƙen Ibraniyanci, wato ajamin Yahudawa ke nan in mun ari kalmarmu. Mun yi aiki da bugun Salomon Munk (Paris, 1856-1866), mai ɗauke da matani da fassarar Faransanci. Tun daga take muna da ƙorafi. Munk ya sa *Le Guide des égarés*, alhali *ha'iri* ba ɓatacce ba ne. Mutum ne da ya tsaya a mararraba, Attaura na jan sa nan, falsafar Aristo na jan sa can. Da Hausa "Jagoran Masu Ɗimuwa" ya fi kusa.

Abin da ya shigar da mai nazarin harshe cikin zancen shi ne, yawancin babukan farko na littafin ƙamus ne. Matsalar marubucin ita ce Attaura tana ambaton fuskar Allah da bayansa da idonsa, tana cewa ya zauna, ya sauko, ga shi kuwa hankali ya hukunta cewa Allah ba jiki ba ne. Maganin da ya kawo shi ne waɗannan kalmomi *mushtaraka* ne, lafazi ɗaya ma'ana da yawa. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. *Panim* (I, 37) fuska ce, amma tana nufin fushi, da kasancewa a gaban wani, da zamanin da ya wuce. *Ahor* (I, 38) baya ne, kuma bin sawu ne. *Ayin* (I, 44) ido ne, idon ruwa ne, kulawa ce. Daga nan (I, 50-60) ya kai ga matsayinsa mai tsauri: ba a siffanta zatin Allah da wata siffa tabbatacciya, sai dai a kore masa tawaya ko a ambaci ayyukansa. In an ce mai rai ne, abin nufi ba matacce ba ne. In an ce masani ne, abin nufi ba jahili ba ne.

Duk wanda ya zauna a zauren malami a Ƙonni ko Illela ya san rabin wannan magana. A *Ummul Barahina* ta Shehu Sanusi na Tilimsan (ya rasu 1490) siffofi 20 ne wajibai, 5 daga cikinsu na korewa ne: daɗewa, wanzuwa, saɓa wa fararru, tsayuwa da kai, kaɗaitaka. Inda aka rabu shi ne Sanusi, a kan tafarkin Ash'ariyya, ya tabbatar da iko da nufi da sani da rayuwa da ji da gani da zance, Ibn Maimun kuwa yana ganin tabbatar da su yana shigar da yawa cikin zatin da ba ya rabuwa. Ya san Ash'ariyya, ya ambace su da suna (I, 71). Wannan saɓani na malaman tauhidi ne, mun bar musu.

Namu ƙorafin na harshe ne. Bayanin ma'anonin daidai yake, har yana ba da sha'awa ga aikin ƙarni na 12. Amma ginin duka ya tsaya ne a kan zato ɗaya, cewa bagidaje in ya ji "fuska" ko "ido" to gaɓar jiki yake hange, sai masani ya zo ya fisshe shi. Hausa ba ta goyi bayan wannan zato ba. A duba:

(1) bakin kasuwa, gindin itace, idon sawu
(2) kan tudu, cikin gari, bayan sallah, gaban alƙali
(3) shina hannun Allah (Hausar Ƙonni da Adar)

A (1) sunan gaɓa ya koma sunan wuri. A (2) ya ƙara nisa, ya zama kalmar nahawu mai nuna muhalli ko lokaci, har mai magana ba ya jin kai a "kan", ba ya jin tumbi a "cikin". Ibraniyanci ma haka ya yi: *lifne*, "gaban", daga *panim* ta fito. (Abin lura ga ɗalibai: Bahaushe ya sa abin da ke tafe a "nan gaba", Ibraniyanci kuwa ya ciro "a dā" daga fuska.) Misali na (3) mun ji shi ba adadi a gidan mara lafiya da wurin ta'aziyya. Manomin albasa na Galmi da ya faɗe shi ba yatsu yake nufi ba, iko yake nufi, kuma babu wanda ya karantar da shi babin *mushtaraki*. Ƙwarewar mai harshe ta riga bayanin manazarci. Wanda ke ɗaukar kalma a zahirinta galibi mai karatu ne da ya tsura wa rubutu ido, ya raba shi da zance. Tarihin Yahudawa kansa shaida ne: littafin *Shi'ur Ƙoma*, mai auna tsawon gaɓoɓin Ubangiji, wanda Ibn Maimun ya yi fatawar a kawar da shi, ba daga gona ya fito ba.

Wannan kuskure ba ƙaramin sakamako gare shi ba. A I, 35 ya ce a cusa wa yara da gama-gari cewa Allah ba jiki ba ne ko da ta hanyar koyi, a I, 36 ya ƙi karɓar uzurin wanda bai yarda da haka ba. A littafinsa na shari'a, *Mishne Tora*, ya lissafa mai cewa Allah yana da jiki cikin ƴan bidi'ar da ba su da rabo a lahira. Wani malamin Yahudawa na kudancin Faransa, Ibrahim ɗan Dawuda na Posquières (ya rasu 1198), ya yi masa raddi da cewa akwai manyan da suka fi shi da suka tafi a kan haka saboda zahirin nassi, ba a fitar da su daga addini. Mu ma an yi irin wannan rigima a ƙasarmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Marata kusa da Galmi a 1754, ya yi rubuce-rubuce da dama yana yaƙar wasu masu ilmin kalami da ke titsiye talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa kawo dalili su kafirta shi. Shehu bai yarda a auna imanin mutum da iya jera hujjoji ba. A nan muna tare da Shehu da malamin Posquières, kuma dalilinmu shi ne misalan (1) zuwa (3).

Maganar manufar rayuwa, a kashi na uku, ta gaji wannan matsala. A III, 51 ya buga misali da sarki a cikin fadarsa. Gama-garin masu bin shari'a sun fuskanci fada amma ko katangarta ba su hango ba. Malaman fiƙihu suna kewaya ta suna neman ƙofa. Masu ilmin halitta da na Ubangiji su ne suka wuce zaure. Ke nan kusanci da Allah gwargwadon sani ne. Sai ga babin ƙarshe (III, 54), inda ya dogara da wata aya ta Annabi Irmiya, ya ce amfanin wannan sani shi ne mutum ya yi koyi da ayyukan Allah a bayan ƙasa, wato alheri da adalci da gaskiya. Masu sharhi sun daɗe suna jayayya kan yadda babukan biyu za su zauna tare. A karatunmu ba sa zama. Ayyukan nan uku ba su buƙatar falsafar Aristo, kuma mutanen da III, 51 ya bari a wajen katanga suna aikata su, yadda suke faɗin (3) ba tare da kuskure ba.