Sallama Iri Biyu a Kotunan Kuala Lumpur

Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san hujja tana wuyan mai da'awa, kuma ba a tilasta wa wanda ake tuhuma ya wanke kansa tun ba a kawo abin da zai ɓata shi ba. Bisa irin wannan asali ne dokar bin shari'ar laifuka ta Malesiya, a sashe na 173 da na 180, ta wajabta wa alƙali, da zarar mai gabatar da ƙara ya gama kiran shaidunsa, ya dakata ya auna abin da aka kawo, ya ga ko akwai amintacciyar shaida a kan kowane rukuni na laifin, irin wadda in ba a warware ta ba za ta isa a zartar da hukunci. In babu, sai ya sallami mutum ya kuma wanke shi, ba tare da ya buɗe baki ba. In akwai, sai a ba shi zaɓi uku: ya yi rantsuwa ya ba da bayani, ko ya yi magana ba rantsuwa, ko ya yi shiru, alhali shirun nan kan kai shi ga hukunci.

Malaman shari'arsu sun daɗe suna saɓani a kan nauyin wannan ma'auni, har majalisa ta gyara dokar a 1997, kotun ƙoli kuma ta tabbatar a shari'ar Balachandran cewa tilas a tace shaida iyakar tacewa tun a wannan mataki. Misalinsa bayyananne shi ne Najib Razak, tsohon firayim minista: a Nuwamba 2019 babbar kotun Kuala Lumpur ta umarce shi ya kāre kansa a shari'ar kuɗin kamfanin SRC, ta same shi da laifi a Yuli 2020, amma a Maris 2023, a tuhumar taɓa rahoton binciken kuɗin asusun 1MDB, aka wanke shi tun kafin ya ce uffan. Mutum ɗaya, ma'auni ɗaya, hukunci biyu, kuma kowanne da dalilinsa a fili, wanda ake iya ɗaukaka ƙara a kansa.

Sallama ta biyu ita ce ke damuna. Tsarin mulkinsu, a sashe na 145, ya ba Antoni Janar ikon tsayar da ƙara, sashe na 254 na dokar bin shari'ar laifuka kuwa ya ce sallamar da ta biyo baya ba wankewa ba ce, sai in kotu ta ce haka. Ahmad Zahid Hamidi ya fuskanci tuhuma 47 game da dukiyar gidauniyar Akalbudi. Bayan shaidu 99, Mai shari'a Collin Sequerah ya hukunta a Janairu 2022 cewa hujja ta tsaya. Sai ga shi ran 4 ga Satumba 2023, lokacin yana mataimakin firayim minista, masu ƙara suka nemi a dakatar don ƙarin bincike, aka sallame shi. To, idan alƙali ya riga ya auna ya ce hujja ta cika, ina ma'anar wanda ya kawo ta ya janye ta, alhali shi ne kuma mai ba gwamnati shawara kan shari'a? Jama'a ba su sami hukunci ba, wanda aka tuhuma ma a lokacin bai sami tsarkakar suna ba, domin ana iya komo da shi. Ƙungiyar lauyoyin ƙasar har kotu ta je tana ƙalubalantar wannan.

Malikiyya sun fi tsanantawa a nan, domin alƙali kan yanka wa mai da'awa ajali, ya yi masa i'izari, wato ya tambaye shi ko da sauran hujja, in ya kasa ya yi masa ta'ajizi, ba a ƙara sauraron hujjarsa, sai a mas'aloli ƙalilan kamar jini da waƙafi da nasaba da saki. Mu ma a Nijeriya sashe na 174 da na 211 na tsarin mulkin 1999 sun damƙa irin wannan iko a hannun Antoni Janar, wanda shi ma minista ne ko kwamishina. Ra'ayina shi ne, da zarar alƙali ya ce hujja ta tsaya, kada a janye ƙara sai da yardarsa, bayan ya ji dalilai ya kuma rubuta abin da ya gamsar da shi.