Ganyen Magani a Zanen Gloria Petyarre: Nazarin Jigo da Salo

Yankin Utopia yana tsakiyar ƙasar Ostireliya, arewa maso gabas da garin Alice Springs, kuma mazaunansa masu magana da harsunan Anmatyerre da Alyawarr ne. Matan yankin sun fara rinin batik a 1977, sannan suka koma zane da fenti a ƙarshen 1988. Daga cikinsu ne Gloria Petyarre ta fito, wadda zanenta na ganyaye ya ci kyautar Wynne a 1999. Ta rasu a 2021.

Jigon zanen shi ne ganyen magani. Bisa al'ada mata ke tsinko shi a daji, su daka, su kwaɓa da kitsen dabba domin shafa wa rauni da ƙuraje, ko su tafasa a yi wanka da ruwan. Ta fuskar salo kuwa, kowane ganye ja ɗaya na buroshi ne, an jera su bila adadin, suna kwantawa suna tashi tamkar iska na kaɗa su.

Sai dai mai kallo ba zai iya tantance tsiron ba, domin babu saiwa, babu fure, babu ma'auni. Mai gaggawar hukunci zai ce ilimin ya salwanta, ado kawai ya rage. Wannan hukunci bai yi wa zanen adalci ba. Ba a fenti al'ummar ta adana iliminta ba. Yana cikin sunan tsiron, da sanin inda yake tsirowa, da waƙoƙin bikin mata da ake kira awelye, waɗanda 'ya ke gada daga manya. Zanen shaida ce ta cewa mai shi tana da haƙƙi a kan wannan sani, ba bayaninsa ba ne. Abin lura ma, kyautar Wynne an fi saninta da zanen shimfiɗar ƙasa, wato ƙasa aka gani a cikin ganyen.

Inda rauni yake shi ne wajen laƙabi. Dillalai sukan tara tsirrai mabambanta ƙarƙashin suna guda na Ingilishi mai ma'anar maganin daji, sunayen asali su ɓace daga takardar ciniki, salon kuma ya yi ta maimaituwa saboda yana da kasuwa. Masu zanen Ampilatwatja, 'yan Alyawarr, sun bi wata hanyar: sukan zana tsirran a wurin da suke tsirowa, da furanninsu, kuma sun riƙe kalmarsu ta arreth.